Abin da Na Faɗa wa Baba a Gidan Abincin Indiyawa

Ku huɗun nan duka kun taso kuna jin cewa kakanku Alhaji Sule ya rasu a Landan ne saboda likitoci sun hana shi hawa jirgi. Haka aka faɗa a Wudil ranar zaman makoki, haka kawunnanku suka gaya wa nasu 'ya'yan, ni ma na bar ku a kan haka. To ba haka aka yi ba. Ni ce na tsare shi, kuma a kan teburin cin abinci na yi, da rana tsaka. Babanku kaɗai ya san wannan, shi ma ya tafi da shi bai gaya wa kowa ba. Zan rubuta muku yadda abin ya faru, ba kuma don ku nema mini uzuri ba.

Baba mahauci ne, ɗan mahauci. Tun bai kai shekara goma ba yake riƙe ƙafar saniya a mayanka. Lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, gwamnati ta shiga buɗe makarantun kwana da barikoki da asibitoci, ko'ina kuwa sai an ci nama, sai ya samu kwangilar kai musu. Cikin 'yan shekaru ya sayi manyan motoci biyu, ya rushe gidanmu na ƙasa ya gina na siminti, ya kai Inna Makka. Duk da haka bai daina zuwa mayanka da sassafe ba, ya ce hannunsa ƙaiƙayi yake yi in ya kwana biyu bai taɓa wuƙa ba. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Shi ya tsaya aka bar ni na yi karatu lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ya isa haka, shi kuma ya yarda na bi babanku Ingila na ci gaba da koyon aikin nas a can.

Shekarata uku ke nan a Landan lokacin da aka rubuto cewa Baba ba shi da lafiya. A cikin shekarun nan ban ga fuskar kowa na gidanmu ba. Babanku yana karatu a wani gari, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ni kuwa daga asibiti sai flat ɗinmu mai ɗaki biyu a saman bene, in shiga in kunna hita in zauna da kot ɗina a jiki har ɗakin ya ɗumama. Akwai lokacin da nakan yi kwana biyar ban yi Hausa da kowa ba. A shekara ta biyu na haifi ɗana na fari, wanda da shi ne yayanku, bai zo da rai ba. Ba a nuna mini shi ba, ban san inda aka binne shi ba. Bayan mako biyu na koma aiki. Ban rubuta wa Inna ba, don wasiƙa sai an kai wa wani ya karanta mata, ban so ta ji wannan daga bakin wani.

A wancan zamanin duk mai hali in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Landan ake kawo shi. Yaya Garba, babban wanmu, shi ya sako Baba a jirgi. Da na hango Baba a filin jirgi ban gane shi ba sai da ya ɗaga hannu. Mutumin da yake cika ƙofa, babbar riga na lilo a jikinsa kamar an rataya ta a ƙusa. Wata huɗu ke nan abinci ba ya zama a cikinsa.

“Uwata, wannan ita ce Ingilar?” in ji shi, yana kallon sama. “To ina suka kai ranar?”

Mako uku aka yi ana gwaje-gwaje a wani asibitin kuɗi a Marylebone. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba: makonnin nan uku su ne mafiya daɗi a duk zamana na ƙasar. In dawo daga aiki in hango fitila a tagarmu. In buɗe ƙofa in ji ana cewa sannu da zuwa da Hausa. Inna ta aiko da garin gero da tsamiya, kullum in dama masa kunu, ya sha ludayi uku ko huɗu ya ajiye, ya zauna bakin taga yana ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu da wanda ya tsiyace. In mun fita zuwa tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, yakan tsaya gaban shagon mahaucin Turawa ya daɗe yana kallon naman da aka jera, ya ce yankan nasu da tsabta, amma wanda ya fede ragon nan bai san inda gaɓa take ba.

Ranar da aka kira mu jin sakamako, Laraba ce, ana yayyafi tun safe. An hana shi cin komai tun daren jiya saboda gwaji na ƙarshe. Likitan dattijo ne dogo, mai magana a hankali. Ya san ni nas ce, saboda haka bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ɗaga hotunan gaban fitila ya nuna mini da bakin alƙalami. Ciwon daji ne a ciki, ya kusa toshe hanyar abinci, kuma ya riga ya bazu zuwa hanta. Ya ce babu aikin da zai warkar da shi. Abu biyu ne ya rage. Ko a ba shi maganin rage zafi a mayar da shi gida yanzu, tun yana iya zama a jirgi, ya samu wata biyu ko uku cikin iyalinsa. Ko a yi masa tiyata a buɗe wa abinci hanya, wataƙila ya ɗan ƙara kwana, amma yadda jikinsa ya yi rauni ba lalle ya tashi daga gadon ba.

“Da mahaifina ne,” in ji likitan, “gida zan kai shi.”

Baba na zaune gefena yana jan carbi, yana kallon bakin likitan yana kallon nawa.

“Me ya ce?”

“Bayani ne mai tsawo, Baba. Bari mu samu wuri ka sa wani abu a cikinka, sai in gaya maka a tsanake.”

A lokacin samun naman da Musulmi ya yanka a Landan aiki ne. Babanku yakan tafi har gabashin gari ranar Asabar ya sayo wurin wani Bafakistane, shi ma Baba bai gama yarda da shi ba. Saboda haka ɗalibanmu suka gano wani gidan abincin Indiyawa a wani lungu bayan babbar tashar jirgin ƙasa, inda ba a dafa nama sam, mutum ya ci hankalinsa kwance. Da rana sukan jera abincin a dogon tebur, ka biya sau ɗaya ka ɗauki faranti ka zuba abin da kake so, in ka cinye ka koma. Can na ce wa mai tasi ya kai mu.

Wurin ƙarami ne, tagoginsa sun yi gumi saboda tururi, ƙamshin albasa da citta da wani yaji da ban san sunansa ba ya cika ko'ina. Ma'aikatan ofis sun cika kujerun da jiƙaƙƙun kot-kot ɗinsu. Mai gidan wata mata ce mai jiki, furfura ta fara cin kanta, ta ja mu zuwa wani tebur kusa da hita ganin Baba na rawar sanyi. Na ce ya zauna in zubo masa, ya ƙi. Ya ce bai taɓa cin abin da bai gani da idonsa a tukunya ba. Ya ɗauki farantin ƙarfe ya bi layi da babbar rigarsa da hularsa, Turawa na matsa masa. Yana ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Ga shinkafa fara, ga wata rawaya. Ga miyar wake mai ruwa da suke kira dal. Ga alayyafo an dafa shi ya yi laushi, ga kuɓewa soyayya da albasa, ga yalo cikin miya ja, ga dankali da farin kabeji, ga kindirmo an yanka kokwamba a ciki, ga gurasarsu shimfiɗaɗɗiya an lulluɓe da ƙyalle. Ya kai ƙarshen teburin, ya dawo ya sake bi daga farko.

“Uwata, ina naman?”

“Babu, Baba. Su ba sa ci.”

“Yau ne ba sa ci, ko kullum?”

“Kullum. Tun da aka haife su.”

Ya juya ya ƙare wa mai gidan kallo. “Ga ta kuwa da jiki. Ikon Allah. Tambaye ta, ko kaza?”

Na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce ko ƙwai. Sannan ta ce mene ne sana'ar dattijon? Na ɗan yi jim, na ce mata cinikin shanu yake yi. Baba ya lura, ya tambaye ni me na ce, na gaya masa.

“A'a. Gaya mata mahauci ne ni. Ban taɓa ɓoye sana'ata ba, ba zan fara a ƙasar mutane ba.”

Da na faɗa mata, ta dafe ƙirji ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a wata ƙasar Afirka da suka zauna kafin a kore su, maƙwabcinsu ma mahauci ne, Musulmi, shekara ashirin suna katanga ɗaya, kuma shi ya ɗauko musu akwatuna har tasha ranar da za su bar garin. Ta karɓi farantin daga hannun Baba ta zuba masa da kanta, abubuwa masu laushi kaɗai: shinkafa kaɗan, miyar waken nan, alayyafo, kindirmo. Ban gaya mata ba shi da lafiya ba. Ta gani.

Muka zauna. Ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bisimilla, ya kai loma biyu. Ya ce wannan ai miyar talakawa ce aka sa mata kayan sarauta. Sai ya ture farantin gefe, ya goge yatsunsa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan teburin. Har yau ina ganin hannuwan nan, duk tabon wuƙa, zoben azurfarsa ya yi masa yawa har ya naɗa masa zare don kada ya faɗi.

“Uwata, ba na jin Turanci, amma shekara arba'in ina ciniki da mutane, ina jin fuska. Na ga fuskar Baturen nan, na ga taki.”

Sai ya ci gaba.

“Shanun da na buɗe cikinsu ban san iyakarsu ba. In ciwo a tumbi kaɗai yake, sai a yanke a yar, sauran lafiya lau. Amma in ka jawo hanta ka ga fararen ƙuraje a jikinta, to saniyar nan ta gama, ko ba a sa mata wuƙa ba da ba za ta ga damina ba. Abu ɗaya nake tambayarki. Ya taɓa hantar?”

Wani Bature a teburin bayanmu yana ta dariya da abokinsa. Cokula na ƙara a kan farantan ƙarfe.

“In ya taɓa, kada ki ɓoye mini,” in ji Baba. “Ba tsoro nake ji ba. Ki sa ni a jirgi jibi. Akwai mutanen da zan nemi gafararsu, sun fi goma. Akwai maganar da zan bar wa Garba. Ina so Innarku ta ba ni ruwa da hannunta, a wanke ni a gidana, a kai ni kusa da uwata. Ba wani abu nake roƙo ba.”

Shekaru da yawa na yi ina gaya wa kaina cewa bege ne ya sa ni. Na ce ai na ga waɗanda likita ya yanke wa kwana suka yi shekara biyar, na ce in aka buɗe hanyar abinci ya samu ƙarfi, sai ya koma da ƙafarsa. Akwai wannan a raina, ba ƙarya ba ne. Amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne babba ba. Abin da na gani a daidai lokacin nan shi ne tagarmu babu fitila. Na ga kaina na raka shi filin jirgi jibi, na dawo ni kaɗai a tube, na buɗe ƙofa babu mai cewa sannu da zuwa. Jarrabawata ta ƙarshe saura 'yan makonni, ba za a ba ni hutu in bi shi ba. In ya tafi, shi ke nan, sai dai wata rana in samu waya an ce ya rasu. Na riga na rasa ɗaya a ƙasar nan ban ko ga fuskarsa ba. Sai zuciyata ta ce, wannan kam ba zan saki ba. Ni nas ce, na san abin da hotunan nan ke nufi fiye da yadda ya san cikin saniya. Na ɗaga kai na dube shi cikin ido.

“Hantar lafiya lau take, Baba.”

Ya daɗe yana kallona. Ban kawar da ido ba. Na ce masa ƙari ne a tumbi, likita ya ce a yi aiki a cire, fuskar da ya gani kuwa haka Turawa suke yi in za su yi maganar tiyata. Bai taɓa kama ni da ƙarya ba tun ina yarinya, don ban taɓa yi masa ba. Wannan ne ya sa ya yarda.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. “Alhamdu lillahi. Wallahi na ɗauka an gama.”

Sai ya jawo farantin. Mutumin da wata huɗu ba ya wuce loma uku, ya cinye abin da ke ciki tas, ya suɗe da gurasa. Ya tashi da kansa ya koma layi, ya zubo kuɓewa da yalo da dankali, har da wani abu mai tsami da yaji da ya sa shi tari yana dariya. Yana ci yana magana. Ya ce in ya koma zai gaya wa mutanen mayanka ya ci ya ƙoshi a gidan da babu ko ƙashi, ya san za su ce Ingila ta koya masa ƙarya. Ya ce zai ƙara mota ɗaya, zai yi wa Inna rijiya a tsakar gida ta huta da sayen ruwa. Ya ce in na gama karatu in dawo Wudil ya gina mini ɗakin shan magani. Ni kuwa gurasa ɗaya na riƙe ina gutsuttsura ta, ban kai ko loma ɗaya baki ba. Mai gidan ta kawo masa wata alewar madara mai ƙamshi ta ce kyauta ce ga mahauci. Da ta zo ɗaukar farantina ta ga ban taɓa ba, ta dube ni, ta dubi Baba, ta ɗan dafa kafaɗata ta wuce.

Muna isa gida ya amayar da komai. Ya fito daga banɗaki yana share baki, ya ce ba komai, kwana nawa ne za a cire abin.

Ranar Juma'a da yamma babanku ya zo. Na ja shi kicin na rufe ƙofa na gaya masa duka. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

“Hauwa, ki koma ki gaya masa. Yau.”

“Bayan aikin zan gaya masa. Bari ya samu ƙarfi.”

“Ya tambaye ki, kuma ya faɗa miki abin da yake so. Ransa ne, ba naki ba.”

Na ce masa shi ba likita ba ne, kuma ba ubansa ba ne. Ya yi shiru. Baba surukinsa ne, ba zai iya shiga ya zauna gabansa ya ƙaryata 'yarsa ba. Ya sha gaya mini daga baya cewa shirun nan ya fi komai damunsa a rayuwarsa.

Washegari na yi booking ɗin waya zuwa Kano, aka haɗa ni da Yaya Garba a ofishin wani abokinsa. Layin na ta ƙara, muna ihu kamar masu faɗa. Na maimaita masa abin da na gaya wa Baba.

“In akwai hatsari ki faɗa mini,” in ji shi. “Fasfon Inna na nan tun na aikin Hajji. Sai in nema mata biza in turo ta.”

“Babu hatsari, Yaya. Kada a wahalar da ita da sanyin nan.”

Da muka koma asibitin, likitan ya tambaye ni sau biyu ko mahaifina ya fahimci cewa aikin ba na warkewa ba ne. Na ce ya fahimta. Aka miƙa wa Baba takarda, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, ya yi wa likitan murmushi.

An yi aikin. Sun buɗe sun yi abin da za su iya. Amma ɗinkin ya ƙi kamawa, zazzaɓi ya shiga, daga nan ƙirjinsa ya cika. Daga wannan lokacin kam gaskiya ne, babu jirgin da zai ɗauke shi. Nan labarin da kuka sani ya samo asali. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gadon nan, bututu a hanci, bututu a hannu, ba ya jin abin da masu kula da shi ke cewa, ba su jin abin da yake cewa. A kwana na tara, da hantsi, ina shafa masa ruwa a leɓe, ya buɗe ido. Idon ya yi rawaya. Ya ɗaga hannunsa ya dubi fatar, ita ma ta yi rawaya. Ya san abin da ke kawo wannan.

“Hantar ce ko?”

Na gyaɗa kai.

“Tun ranar?”

Na sake gyaɗa kai. Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Bai janye hannun ba, bai kuma riƙe nawa ba. Ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya tambaye ni yau wace rana ce, na ce Juma'a.

“Yanzu kasuwa ta cika,” in ji shi.

Bayan wani lokaci na ji ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban sani ba ko amsata ce, ko addu'ar da kowa ke yi ce. Ban sake jin ya ce Uwata ba. Ranar Lahadi bayan azahar ya cika, babanku na gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Manya a gida suka ce a binne shi inda Allah ya karɓi ransa, kada a yi ta yawo da gawa. Mutum tara suka yi masa salla: babanku, da wasu ɗalibai, da ma'aikatan rediyo biyu 'yan Nijar da suka ji labari suka bar aiki suka zo, Allah ya saka musu. Mutumin da in a Wudil ne sai an rufe kasuwa. A cikin akwati aka sa shi, don haka ake yi a maƙabartar, can bayan gari. Ni ina cikin mota daga nesa, ruwan sama na gangara a gilashi, ina hango su tsaye da lema. Babanku bai so ya gaya mini ba, amma da na matsa ya ce sai da suka kwashe ruwa daga kabarin da bokiti kafin su saka shi.

Na ci jarrabawar. Takardar na nan a ƙasan akwatina, ban taɓa rataye ta ba. Wata biyar bayan haka na kai kayansa gida: rigunansa, carbinsa, agogonsa, da zoben nan mai zare. Inna ta fita takaba. Ta karɓi jakar ta ajiye ba ta buɗe ba. Da mutane suka ragu, bayan la'asar, ta kira ni ɗakinta ta sa na zauna a bakin gado.

“Ya san zai tafi?”

Na ce sai a ƙarshe.

“Bai bar mini wata magana ba?”

Na ce jikin ya yi nauyi, bai samu iko ba.

Ta shiga murza gefen zanenta. “Shekara talatin da biyu muna tare,” in ji ta. “Ranar da zai tafi ma saɓani muka yi, a kan hula. Na ce ya ɗauki mai kauri, ya ce ba ya so. Na ce to ka ji da shi. Ita ce maganata ta ƙarshe da shi, to ka ji da shi. Da na san ba zai dawo ba, ai da na ce ya yafe mini, ni ma na yafe masa.” Sai ta dafa gwiwata. “Ke dai Allah ya yi miki albarka. Ke kaɗai kika sha wahalarsa.”

Na ce amin. Inna ta yi shekara goma sha tara bayan wannan, kullum in na je gaishe ta sai ta sa mini albarkar nan. Ta rasu ba ta sani ba. Yaya Garba ma haka. Mutanen da Baba ya so ya nemi gafararsu, ban ko san sunayensu ba, yanzu duk sun bi shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan yanzu, ke Zainab kin sani. Ranar Talatar da ta wuce da kika kai ni asibiti, likita ya ce in jira a waje ya yi magana da ke. Kin daɗe a ciki. Da kika fito kin wanke fuskarki, kika ce mini, Mama, ba komai, ƙarancin jini ne kawai, za a ƙara miki magani. Kika riƙe mini jaka, kika ce mu tsaya a hanya ki saya mini abin da nake marmari. Ban yi fushi ba, 'yata. Na san abin da ke cikin ƙirjinki, na san nauyinsa, kuma na san shekara nawa yake yi bai sauka ba. Ki kira 'yan'uwanki ku zo ku huɗu ku zauna gabana. Ina da mutanen da zan nema, kuma ƙafata tana iya kai ni ƙofarsu tukuna. Ku gaya mini.